Abincin rana a hannu ɗaya: naɗin talotalo, ko na zabo in babu



A wani zaman zubi da muka yi cikin watan zafi, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, sai wata dattijuwa cikinmu ta dubi matan da ke zaune ta ce, "To ku hwaɗa mini gaskiya, wa ta ci abinci tun sahe?" Mu ashirin da ƴan kai ne bisa tabarmi, rana kuwa ta take tsaka. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su kai biyar ba. Sauran, wata ta kurɓi ruwan fura, wata ta ɓantari ƙanzon tuwon jiya a bakin murhu, wata goro kaɗai ke cikinta. Kuma dukanmu mun ɗora tukunya a ranar. Mun ba maigida, mun ba yara, mun aika wa tsohuwa, sannan muka ɗauki gyale muka fito da kuɗin zubi a ƙulle.

Ba sabon abu ba ne wannan. Duk wadda ta taɓa zama kasuwar Gazawa ko ta Cadawa daga hantsi zuwa la'asar ta sani. Duk wadda ta yini tankaɗen ƙasa a gonar aya bayan damina ta sani. Tuwo ba ya bin mutum gona da zafinsa, miya ba ta son tafiya, kuma mai tallar da ke jiran ciniki ba ta da hannu biyun da za ta zauna ta ci a kwano. Sai a ce "bari in koma gida", gida kuma sai almuru. Mai ciki da mai goyo su suka fi shan wuyar wannan ɗabi'a, don jikinsu mutum biyu yake ciyarwa. Jirin da wata ke ji in ta miƙe daga gindin turmi, sau da yawa ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Ciki ne wayam, jini kuma ya yi ƙasa.

Muna cikin wannan zance sai ɗiyar ɗaya daga cikinmu, wadda ke karatu a Maraɗi ta zo hutu, ta miƙo salula ta ce, "Inna, ku dubi wannan." Hoton wani abinci ne: burodi siriri kamar mayafi, an shimfiɗa yankan nama da ganye a kai, an naɗe shi kamar tabarma, an raba biyu. Ta ce naman talotalo ne, kuma a Amurka masu zuwa aiki cikin minti biyar suke haɗa shi su jefa a jaka.

Dariya ta kaure. "Talotalo? Da rana tsaka, ba suna ba biki?" Wata ta ce in ta yanka talotalo don abincin rana, ran nan za a kira mata malamin ruƙiyya. Amma da dariyar ta lafa, mai tuyar masa da ke cikinmu ta karɓi salular ta ƙura wa hoton ido, ta ce ita ba naman ya ɗauki hankalinta ba, naɗin ne. Abu ne da ba ya son kwano, ba ya son cokali, ba ya zuba, kuma nama ɗan kaɗan ya ishe shi. Daga nan muka fara gwaji, mun kuma yi watanni muna yi. Abin da muka gano shi ne muka kawo muku, har da inda muka yi asara.

Tsuntsun da aka ba sunan wani

Talotalo baƙo ne a ƙasarmu, ko da yake ya daɗe. Asalinsa tsuntsun daji ne na arewacin nahiyar Amurka, mutanen Meziko na dā ne suka mai da shi na gida. Sifaniyawa suka kwaso shi zuwa Turai a farkon shekarun 1500, daga can ya watsu cikin duniya. Faransawa sun zaci daga Indiya ya fito, shi ya sa sunan da suke kiran shi da shi, wanda muke ji a bakin masu shago, ma'anarsa "na Indiya". Su kuwa Ingilishi sunan ƙasar Turkiyya suka laƙa mishi. Ga inda abin ya ba mu dariya: tun kafin su ga talotalo, da wannan sunan suke kiran zabo, zabonmu na Afirka, saboda ta hannun fataken wancan yanki yake isa gare su. Da sabon tsuntsu ya zo sai suka rikita su. Ashe in muka sa naman zabo a gurbin na talotalo ba mu yi wa kowa sata ba, sunanmu muka karɓo.

Su mutanen Amurka abin da ya sa talotalo ya zama abincin ranarsu, araha ne gare su. Ana kiwon shi da yawa, ana sai da namansa dafaffe a yayyanke, kuma kowane gida da firjin da wuta ba ta ɗaukewa. Suna da wani bikin godiya a watan Nuwamba da kusan kowane iyali ke gasa talotalo guda, ragowar naman a yi kwanaki ana cin ta cikin burodi. Shi kuma mayafin da suke naɗewa da shi, daga maƙwabtansu na Meziko suka aro, masu yin shi da masara ko alkama. Mu ta wata hanya muka san ɗan'uwansa: shawarma, abincin Larabawan Sham, wanda yanzu ake sai da shi a Maraɗi da Yamai da Katsina.

A nan gida lissafin daban yake. Mai talotalo a Tibiri ko Agiye ba don tukunyarta take kiwon shi ba, jari ne mai tafiya da ƙafa biyu. Ƙwansa kwana 28 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na kaza kuwa 21. Ƴan tsakinsa ba su da ƙarko, raɓa da ruwan sama na kashe su, kuma akwai wata cuta da kaji ke ɗauke da ita ba ta cika yi musu komai ba, amma in ta kama talotalo sai ta kā da shi. Don haka ne masu kiwo ke cewa a raba musu wurin kwana. Sai an yi watanni ana ba shi dusa kafin ya yi nama, kuma kasuwarsa ta fi tashi a ƙarshen shekara. Wadda ta sha wannan wahala ba za mu ce mata ta yanka don naɗi ba. Amma in an yanka shi don wani sha'ani, suna ko saukar baƙi, nama ne mai yawa, kuma a nan ne dabarar da za mu faɗa a ƙasa ke shiga.

Mayafin naɗi

Mun fara da abin da muka iya. Masa ta yi kauri kuma ƙarama ce. Sinasir na ninkuwa biyu ya yi daɗi, amma in aka ce a naɗe shi sai ya tsage, ga shi yana son jiƙon shinkafa tun daren jiya. Burodin tasha ana iya tsaga shi a cusa nama, wannan kowa ya sani, sai dai ba kowane ƙauye yake kaiwa ba, in ya kwana kuma sai a buga wa mutum a ka ya ji zafi.

Wanda ya karɓe mu shi ne na fulawa, wanda ba a sa masa yis. Ga awon da muka tsaya a kai, da ƙaramin gwangwanin madara: fulawa gwangwani 4, gishiri ɗan tsunke biyu, man gujiya cokali 3, ruwa mai ɗumi gwangwani ɗaya da rabi. Kada ki juye ruwan gaba ɗaya, fulawa ba ta da hali guda. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina murzawa har ƙullin ya daina kama hannu, ya yi laushi kamar fatar kunne. Sai ki rufe shi da ƙwarya ki bar shi ya huta kamar minti 20. Wannan hutun ba ado ba ne. Mun gwada tsallake shi don sauri, sai ƙullin ya riƙa komawa baya kamar roba duk lokacin da muka murza shi.

In ya huta ki raba shi curi takwas ko goma. Ki barbaɗa fulawa bisa faifai ko bayan tire, ki murza kowane curi da kwalba mai tsabta har ya yi faɗin murfin tukunya, siririn da in kin ɗaga shi kina hango hasken rana. Kasko busasshe, ba mai, ya yi zafi sosai. Ki shimfiɗa, in kin ga ya fara kumbura ƙuraje-ƙuraje ki juya, ɗaya gefen ma haka. Kowane gefe bai fi minti guda ba. Wadda ba ta da kasko mai faɗi, ta kife wanda take da shi bisa murhu ta yi amfani da bayansa, mun gwada ya yi.

Ga sirrin da ya fi kowanne: da kin sauke, ki jera su bisa juna cikin tsumma mai tsabta ki lulluɓe. Tururin da suke fitarwa shi ke sa su laushi. Wanda aka bari a fili, iskar hunturu ta buge shi, ya zama ƙanzo, in kin naɗe ya karye. In kin yi su da dare bayan tuwo, sa'ad da murhu ke da sauran garwashi, za su kai gobe da rana lafiya lau. To kin ga saurin da ake faɗa ba ƙarya ba ne, amma da sharaɗi: minti biyar ɗin na safe ne, aikin kuwa tun dare aka yi shi.

Wasu cikinmu sun ce fulawa ta saye ce, hatsi kuwa na rumbu, me zai hana mu yi da namu? Mun gwada. Garin hatsi zalla ba ya naɗuwa, don ba shi da danƙon nan na alkama da ke riƙe ƙulli, rugujewa yake. Amma in aka sa gwangwani ɗaya na garin hatsi mai laushi cikin uku na fulawa, yana naɗuwa, ya fi ƙamshi, ya fi riƙe ciki, kuɗin fulawa ma ya ragu. Da muka kai rabi da rabi sai ya soma tsagewa a gefe. Mu dai a ɗaya cikin huɗu muka tsaya.

Abin da za a sa ciki

Nama ɗanye ko dafaffe mai ruwa ba abokin zafin Maraɗi ba ne. Kakanninmu sun san haka tun kafin a zo da firji, shi ya sa suka bar mana kilishi da dambun nama. Dambun shi ne amsar talotalo. A dafa naman da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ya saki ƙashi ruwan ya tsotse, a daka a turmi ya zama zare-zare, a soya cikin mai kaɗan bisa wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba gajiya har ya bushe ƙarau. Ƙirjin talotalo ba shi da kitse sosai, yana dakuwa da kyau, haka ma na zabo. In ya huce sarai a zuba cikin gwangwani mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Wanda aka soya ya bushe da gaske yana yin kwanaki. Wanda aka yi wa gaggawa aka bar shi da danshi, kwana biyu ya yi gashi.

Cokali biyu na dambu sun ishi naɗi guda. A nan ne tattalin yake: naman da in aka sa shi a miya za a cinye shi dare ɗaya, uwar gida ma wataƙila wuya ko ƙafa za ta samu, in ya zama dambu sai ya raka ta kasuwa sau da yawa.

In babu nama fa, wanda shi ne halin da muka fi zama ciki? Ba a fasa ba. Da damina zabbi na zuba ƙwai, har yara na bin motoci da shi a bakin babbar hanya. Dafaffen ƙwai guda a yanka shi huɗu ya yi naɗi. Awara soyayya ta yi. Wake da aka dafa ya yi luguf, aka tsane, aka murƙushe da ɗan mai da yaji, ya yi, kuma haɗuwar wake da hatsi ko alkama na ba jiki abin gina shi fiye da kowanne shi kaɗai. Soyayyar fara ma mun sa, a cire ƙafafu da fukafukai, wallahi wata cikinmu ta ce ta fi talotalon. Ba mu yi mata gardama ba.

Sai ganye. Hoton da yarinyar ta nuna mana salati ne a ciki da tumatir. Lokacin sanyi, sa'ad da lambuna ke cike, wannan ba wuya: salati, shu, karoti, albasar Galmi, duk ana samu. Amma ɗanyen ganye na son ruwa mai tsabta a wanke shi ganye-ganye, a bar shi ya tsane, kuma ba ya jure dogon zama cikin zafi. Mu abin da muka fi yarda da shi namu ne na gado, wato kwaɗon zogala. Matan da ke bakin Gulbin Maraɗi, daga Tibiri zuwa Gidan Rumji, ba sai an koya musu ba. A dafa zogala, a matse ruwan sosai, a kwaɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da yaji da ɗan mai. Shi ƙuli-ƙulin ke yin aikin da mayonez ke yi wa Turawa, yana haɗa kan kayan ya hana su zubewa, ba ya kuma lalacewa da wuri kamar mayonez. Inda ba zogala, rama ko tafasa ko ganyen wake sun wadatar. Ƴan Gazawa da Gangara da suka shanya ganye tun damina, jiƙa shi kawai za su yi su tafasa.

Abu biyu game da wannan. Na farko, a matsa lemun tsami a kai in akwai. Ba don ɗanɗano kawai ba: tsamin lemu da tumatir na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake, wanda shi ke ƙara jini. Shayi kuwa akasin haka yake yi in an sha shi tare da abincin, gara a jinkirta shi. Na biyu, a kula da gujiyar da aka yi ƙuli-ƙuli da ita. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci tana ɗauke da wata guba mai cutar hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Masu matsar mai cikinmu, mu tsince ruɓaɓɓun mu zubar, kada mu ce asara ce.

Naɗin kansa ba wuya. Shimfiɗa mayafin, ki jera kwaɗon a tsakiya a tsaye, ki bar kamar yatsa uku a kowane baki. Dambu ko ƙwai a bisa. Ki ninko ƙasan sama, ki ninko dama da hagu, sannan ki mirgina da ɗan ƙarfi. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to wannan tabarmar da hankali ake naɗe ta, in kin cika mata kaya fashewa za ta yi a zanenki. Ki ɗora bakin naɗin bisa kasko mai zafi ɗan lokaci ya manne. Ki ƙunshe cikin takarda mai tsabta ko tsumma. Ban da leda, ga dalili.

Ranar da muka yi asara

Da muka ga abin ya karɓu a gidajenmu, sai kwaɗayi ya shiga. Uku daga cikinmu suka ɗauki rance a asusu don su kai shi kasuwa. Suka ce ai mai saye yana son na birni, don haka a yi irin na hoton sak. Aka aika Maraɗi aka sayo naman talotalo na firji, irin wanda ake shigowa da shi daga waje cikin kwali, da kwalbar mayonez da salati. Naman ya iso a sake, ruwa na ɗiga, mai kawowa ya ce ai hanya ce. Ba mu tambaya ko sau nawa ya narke aka sake daskarar da shi ba, alhali kowa ya san yadda wuta ke yi. Aka dafa da asuba, aka yayyanka, aka shafe da mayonez, aka naɗe guda talatin, kowane cikin ƴar leda, aka jera a roba mai murfi. Watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Da hantsi an sai da goma sha wani abu. Azahar na yi ledojin suka yi gumi, mayafin ya jiƙe ya yi yauƙi. Da la'asar aka buɗe ɗaya, tsami ya bugi hanci. Ragowar da ba a sayar ba, maimakon a zubar, sai ɗaya cikin matan ta ce haram ne a zubar da nama, ta kai gida. Yaranta biyu suka kwana gudawa da amai, sai da aka kai ƙaramin likita. Allah ya tsare, sun warke. Amma kuɗin magani ya haɗu da kuɗin rance, kuma sai da ƙungiya ta ɗaga musu ƙafa kafin su biya.

Laifin namu ne, ba na kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, don ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Robarmu a rufe cikin rana tana tsakiyar wannan daidai. Kuma ba kullum hanci ke ganewa ba, abinci kan iya cutarwa tun bai yi tsami ba. Tun daga ranar muka kafa wa kanmu doka. Abin da zai yini, busasshe kawai: dambu, ƙuli-ƙuli, yaji, fara, kilishi. Mai ruwa, wato kwaɗo da wake da tumatir, ko dai a ci shi kafin rana ta take, ko a tafi da shi daban a haɗa sa'ad da za a ci. Ƙwai a bar shi cikin ɓawonsa sai an tashi ci. Mayonez kuwa mun sallame shi, sai wadda ke da firjin da ta amince da shi.

Wadda za ta yini a gona, to, ga yadda muke yi yanzu: mayafi biyu cikin tsumma, ɗan ƙullin dambu ko dafaffen ƙwai, garin ƙuli-ƙuli da yaji, albasa guda, lemun tsami guda. A gindin gawo ko kalgo a wanke hannu, a yanka albasa, a naɗe, a ci. Ko jariri na bisa cinya hannu ɗaya ya isa.

Ga masu son su mai da shi sana'a

Ba mu hana kowa ba, biyu daga cikin matan nan uku ma sun koma, da sabon tsari. Amma tun da aka fara Mata Masu Dubara a wannan jiha tamu ta Maraɗi a 1991, abin da asusu ya fi koya mana shi ne ƙirga kafin ɗauka. To mu ƙirga. A ce duk abin da kika kashe, fulawa da mai da nama da ganye da itace da takardar ƙunshi, ya kama jika 3, kika fitar da naɗi 20. Kowane ya tsaya miki dala 30. In kin sayar dala 40-40 kuma suka ƙare, ribarki jika guda. Amma in biyar suka kwana, kin sayar da 15 ke nan, kuɗin da ke hannunki jika 3 cif, uwar kuɗi ta dawo ba ko dala a kai, ga wahalar dare ga ta rana. Wannan misali ne kawai, kowace ta sa farashin kasuwarta. Abin lura shi ne ba tsadar nama ke cinye riba ba, kwantai ne.

Maganinsa su matan biyu suka gano da kansu: sun daina naɗewa a gida. Suna zuwa da mayafi a lulluɓe, dambu a gwangwani, kwaɗo kaɗan a kwano mai murfi cikin inuwa, da ƴar buta da sabulu. Sai mai saye ya tsaya a naɗa masa a gabansa, ya zaɓi na ƙwai ko na dambu ko na wake, kowane da kuɗinsa. Mai karɓar kuɗi daban, mai naɗi daban, don hannun da ya taɓa kuɗi kada ya taɓa abinci. In kasuwa ta watse da saura, dambu ya koma gida lafiya, kwaɗon da ma ɗan kaɗan aka yi. Sun ce ƴan kabu-kabu da direbobi su suka fi saye, sai malaman lakwal da ma'aikatan likita, mutanen da ba su da lokacin zama. Ɗayarsu ta ƙara da cewa ranar farko sai da ta yanka guda biyu ƙanana-ƙanana ta raba kyauta, don Bahaushe ba ya sa kuɗinsa a abin da bakinsa bai sani ba.

Sunan ma sai da aka yi muhawara. Ƴanmata suka ce shawarma, tsofaffi suka ce wannan sunan ba ya zama a bakinsu. A wurinmu dai "ƴar tabarma" ta bi shi, haka yara ke kira a bakin tasha.

Dattijuwar nan da ta fara tambaya ba ta bar maganar ba. Yanzu duk ranar zubi, kafin a buɗe akwati, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Ke, mi kika ci?" Wadda ta ce ba komai, a miƙa mata ƴar tabarma daga cikin tsumman da muke karo-karo muna kawowa, mata biyu kowane mako. A zama mai zuwa za mu gwada haɗa fulawar da garin dawa da na wake mu ga ko zai naɗu. Ƙungiyoyin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji da suka riga mu gwadawa, ku aiko mana da awonku ta hannun mai kawo muku wannan takarda.